An bar jaki ana dukan taiki: gwamnati da maganar ɓarnar abinci

Kawuna manomin rani ne, tun ina yaro tumatir na san shi da shi. Wata shekara, lokacin da kaya suka nuna, na kai masa ziyara na same shi a bakin titi da hantsi ana yi masa lodi. Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yadda ake loda tumatir a babbar mota ba, da wuya ya fahimci inda na dosa. Manyan kwanduna ne, a cika kowanne har ya yi tozo, a rufe bakinsa da takarda, a ɗaure da igiya. A jera sahun farko a ƙasa, a gitta itace, a ɗora na biyu, a ɗora na uku, yaran mota suna takawa suna gyara musu zama. Kafin direba ya tada mota, jan ruwa ya fara ɗiga daga ƙasan bodi yana jiƙa ƙasa. Na nuna wa Kawu. Ko kallon wurin bai yi ba ya ce, "Ai wannan zakkar hanya ce, ɗan nan. Bari dai ta kwana biyu a rana ka gani."

Bayan kwana huɗu dillalinsa ya bugo waya daga Legas, ina zaune a gefensa a zaure. Ina jiyo muryar mutumin: "Alhaji, sai haƙuri fa. Mota ta samu matsala a hanya, ga tsaye-tsaye. Kaya sun sauka, amma kusan rabi ya kwanta." Kawu ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah Ya mayar da alheri." Da aka cire kuɗin mota da la'ada da kuɗin kwanduna da na 'yan lodi, abin da ya rage bai kai ya biya bashin takin da ya ɗauka ba.

A cikin makon nan ne na ji wani jami'i a rediyo yana jan hankalin matan gida su daina almubazzaranci da abinci, su riƙa dafa daidai cikin iyalinsu, wai ƙasa tana cikin wani hali. Maganarsa ba ƙarya ba ce, ba wanda zai yi musu da ita. Amma ina sauraronsa ina tuna jan ruwan nan da ke ɗiga daga mota, sai na ji raina ya ɓaci. Duk lokacin da hukuma a ƙasar nan ta tashi maganar ɓarnar abinci, kicin ɗin talaka take leƙawa, alhali mafi yawan abin da ke salwanta bai ma iso kicin ɗin ba. An bar jaki ana dukan taiki.

A gidan da na tashi, ban san wani abu wai shi ragowar abinci da ake zubarwa ba. Tuwon dare idan ya kwana, da safe ya zama ɗumame, kuma akwai waɗanda har gobe sun fi son ɗumamen a kan sabon tuwo. Idan miya ta ƙare, a dama gayan da ruwa ko nono a sha. Ƙanzon gindin tukunya Inna takan jiƙa shi ta kankare ta shanya a faifai, in ya taru a kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da ɗan mai da albasa. Dusa ta awaki ce, ruwan tsari ma nasu ne, tsakin da ya zube na kaji. Da kaka a yanka kuɓewa a shanya, a yi kauɗa da tumatir, ganyen albasa a daka a yi gabu. Naman layya a soya shi ƙarau ya yi watanni, kitsen a narka a ajiye, fata da ƙafa da kai kowanne da ranarsa. Abin da ya tsallake duk wannan kuwa, akwai almajirin da zai tsaya a soro bayan magariba yana cewa ko ɗan ƙanzo, iya. Matar da ta gaji wannan tarbiyya tun daga kakanninta ita ce ake kashe kuɗi a rediyo don a koya mata tattali.

Na san za a kawo mini alƙaluma, kuma ba na gudunsu. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a 2024 cewa a shekarar 2022 kaɗai an zubar da abinci tan biliyan 1.05 a duniya, kusan kashi 19 cikin 100 na abin da ya iso hannun masu saye da masu ci. Kashi 60 na wannan daga gidaje ya fito, 28 daga wuraren sayar da dafaffen abinci, 12 daga kantuna. Rahoton ya kuma rushe wata tsohuwar fahimta, cewa ƙasashen masu kuɗi ne kawai ke zubar da abinci a gida. Rahotonsu na 2021 ma ya ɗora wa Najeriya kilo 189 ga kowane mutum a shekara, adadin da jaridunmu suka yi ta yayatawa kamar an kama mu dumu-dumu.

Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba game da wannan adadi. An samo shi ne daga awon sharar wasu gidaje a garin Sapele na jihar Delta, sannan aka shafa wa ƙasa baki ɗaya. Kuma a irin wannan lissafi har da abin da ba a ci: ɓawon doya, ɓawon ayaba, ƙashi, totuwar masara. Gidan da ke fere doya da rogo kullum dole shararsa ta fi nauyi a kan gidan Bature da ke sayo dankali fereren a leda, wanda ɓawonsa ya tsaya a masana'anta. Rahoton 2024 ɗin ya lura cewa ƙasashe masu zafi sun fi zubarwa, kuma ya danganta hakan da yawan cin ɗanyen kaya da rashin wurin sanyaya abinci. To, a nan gizo ke saƙa. Miyar da ta yi tsami a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, laifin uwargida ne ko laifin wanda ya ɗauke wuta?

A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, layin da ake dogaro da shi a madadinsa shi ma ya faɗi. Kowa ya san abin da ya gani a unguwarsu. Masu sayar da kifi da kaji na firji sun yi ta karyar da kaya kafin su yi wari, waɗanda ba su samu mai saye ba suka haƙa rami. Matan da ke ƙulla zoɓo da kunun aya sun zauna. Ƙanƙara ta zama kayan gabas. A 'yan kwanakin nan an yi asarar abincin da tallan rediyo na shekara goma ba zai ceto ba, kuma ban ji wata hukuma ta fito ta lissafa shi a matsayin ɓarnar abinci ba.

Akwai gwamnatocin da suka ɗauki wannan magana da gaske, kuma na jima ina bibiyar yadda suka yi, don na ga wasu 'yan bokonmu suna cewa mu ma kawai a kwafo dokarsu.

Faransa ce aka fi buga misali da ita. A watan Fabrairun 2016 majalisarta ta zartar da dokar da aka fi sani da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Guillaume Garot. Kafin dokar, manyan kantuna kan kwashe abincin da bai lalace ba, don kawai kwanan watan da ke jikinsa ya matso, su zuba a bola. Wasu har sinadarin bilic suke kwarara masa don kada mabuƙata su tsinta. Dokar ta haramta wannan, ta kuma wajabta wa duk kantin da faɗinsa ya wuce murabba'in mita 400 ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiyar agaji da za ta riƙa karɓar abin da bai sayar ba. Ba sanda kaɗai aka ɗaga ba, akwai ragin haraji mai tsoka ga wanda ya bayar, har kashi 60 cikin 100 na darajar kayan. Daga baya aka faɗaɗa ta zuwa masu dafa wa makarantu da ma'aikatu da masana'antun abinci, kuma tun 2021 gidan abinci ba shi da ikon hana ka mazubin da za ka tafi da ragowarka gida.

Dokar ta yi amfani, amma kada a manta da abin da ta tarar a ƙasa. Ta tarar da ƙungiyoyin rabon abinci da suka shekara talatin suna aiki, da ɗakunan sanyi da motocinsu da dubban 'yan sa kai. Ta tarar da kantunan da ke rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Duk da haka an yi ta ƙorafi cewa wasu kantunan sun mayar da ƙungiyoyin bolarsu, suna tura musu kayan da saura kwana ɗaya su lalace. Kuma kantuna ƙaramin kaso ne na ɓarnar ƙasar, gidaje sun fi su nesa ba kusa ba. Idan aka kwafo wannan doka aka kawo Kano ko Zariya ko Maraɗi, kantuna nawa za ta shafa? Mutanenmu a kasuwa suke cefane, wurin mai tebur da mai tire da mai baro.

Ni dai ta Koriya ta Kudu ta fi burge ni, duk da ita ma ba za ta kwafu ba. Al'adar cin abincinsu ta ƙananan kwanoni ce birjik a gaban mutum, kuma yawanci ba a cinyewa. A 2005 gwamnati ta hana binne ragowar abinci a juji. A 2013 ta wajabta wa kowa biyan kuɗi gwargwadon abin da ya zubar. Ko dai ka sayi wata leda ta musamman da hukuma ke sayarwa, wadda ita kaɗai masu kwasar shara za su ɗauka, ko kuma, a manyan gidajen haya na birnin Seoul, ka je wurin wata na'ura ka kara katinka, murfi ya buɗe, ka zuba, ta auna nauyin ta rubuta maka a lissafin wata. Mutane suka koma tsane ruwan ragowar abinci kafin su zubar don kada ya yi nauyi, suka rage abin da suke ɗorawa. Ƙasar da a tsakiyar shekarun 1990 kusan duk ragowar abincinta juji yake tafiya, yanzu fiye da kashi 90 cikin 100 ana mayar da shi taki ko abincin dabbobi ko iskar gas.

Abin lura a nan shi ne tsarin da aka bi. Kafin gwamnatin Koriya ta ce wa ɗan ƙasa ya biya, ta tanadi motar da za ta zo ta kwashe a kan lokaci, ta gina wurin da za a sarrafa abin da aka kwasa. Ta sauke nata nauyin, sannan ta waiwayo kan jama'a. A unguwarmu kuwa yaro mai baro muke biya ya kwashe shara, kuma Allah kaɗai Ya san kwalbatin da yake juyewa. Ranar da aka ce za a auna sharar mutum a caje shi, a daren nan za a cika magudanan ruwa, damina ta zo ta same mu.

Sin ma ta yi tata dokar a Afrilun 2021: gidan abincin da ke zuga mutane su yi odar abin da ya fi ƙarfinsu ana iya cin sa tarar da ta kai yuwan 10,000, an ba masu gidajen abinci damar cajin wanda ya bar tuli a faranti, an kuma hana bidiyon gasar haɗama da ake yaɗawa a intanet. Wannan na ƙarshen, in da za a tambaye ni, da na sa hannu a kawo mana shi gobe.

Ƙasashen nan uku ba dabara ɗaya suka bi ba, amma kowacce ta fara gano inda tata ɓarnar take, a kanti ne, a faranti ne ko a bola, ta kai duka daidai wurin, ta kuma sa asarar ta koma aljihun wanda ya jawo ta. Mu tamu tana tsakanin gona da kasuwa, kuma wanda ke biya shi ne wanda ba shi da laifi ko kaɗan, irin su Kawu.

A koma kan tumatir ɗin. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne kashi 40 zuwa 45 cikin 100 na tumatirin da ake nomawa a Najeriya yana lalacewa kafin ya shiga tukunya, a ƙasar da kuma take kashe kuɗin waje tana shigo da na gwangwani da na leda. Daga Kano zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, a buɗaɗɗiyar mota, cikin rana, a kan titin da kowa ya san halinsa. A hanya akwai shingaye, na hukuma da na waɗanda suka naɗa kansu hukuma, kowa da rasit ɗinsa ko tafin hannunsa, kuma kowace tsayawa tumatir ne ke biya da jikinsa. Lokacin da haɗaɗɗiyar ƙungiyar fataken abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, cikin koke-kokenta har da wannan karɓe-karɓe na hanya. A 'yan kwanakin yajin, farashin tumatir da albasa ya faɗi warwas a Arewa, ya yi tashin gwauron zabo a Kudu, kaya suna ruɓewa a nan ana nemansu ido rufe a can. Ba a taɓa nuna mana ƙarara irin wannan lokacin ba cewa 'yan gwari ba su da inda za su ajiye kaya ko na mako guda.

An yi ƙoƙari ta fuskar masana'anta. Kamfanin Dangote ya buɗe ta sarrafa tumatir a Kadawa a 2016, mai iya cin tan 1,200 a rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar ta tsaya, kuma tun daga nan tana buɗewa tana rufewa. A 2017 gwamnatin tarayya ta ɗaga harajin shigo da markaɗaɗɗen tumatir zuwa kashi 50 cikin 100, da ƙarin dala 1,500 a kan kowane tan, don a kare na gida. Manufa ce mai kyau a takarda. Amma masana'anta tana son kaya duk shekara a farashi tsayayye, manomi kuma yana da kaya wata uku ne, in kasuwa ta yi tsada ya kai can, in ta faɗi ya tuna da masana'anta. Haraji a tashar jirgin ruwa ba ya warware wannan.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawancin magungunan ba su da tsada, kuma ba baƙi ba ne. Akwatin roba mai ƙofofin iska, wanda ake jera wani kan wani ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, yana rage asarar hanya ƙwarai, duk wanda ya gwada ya shaida. Abin da ya hana shi karɓuwa sananne ne: yana da tsada a sayen farko, dole a dawo da shi fanko daga Legas, kuma ciniki a kasuwa da kwando aka saba yinsa, dillali ya fi gane wa tozon kwando. Ga kuma masu saƙa kwandunan da za a taɓa abincinsu, su ma mutane ne. Wannan aikin hukuma ne tsantsa: ta zauna da shugabannin kasuwa a tsayar da ma'auni, a samar da wurin hayar akwatunan, a rage wa motar da ta yi lodi da su kuɗin shiga. Akwai kuma ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs na Nnaemeka Ikegwuonu ya fara kafawa a kasuwanni tun 2015, inda mai kaya ke biyan kuɗin kwana a kan kowane akwati. Ɗan kasuwa ɗaya ya nuna abin yana yiwuwa. Me zai hana kowace ƙaramar hukuma mai kasuwar gwari ta ba da fili ta sa hannu?

Tun kafin wannan ma, wani malami a Dutse ta jihar Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, kayan miya su yi kwanaki ba su yanƙwane ba. Har lambar yabo ta Rolex ya samu a shekarar 2000. Turawa sun karrama shi, mu kuwa yau da wuya ka shiga gida goma ka ga ɗaya.

Wake ma haka. Kowa ya san yadda ƙwari ke mayar da buhun wake gari cikin 'yan watanni, da yadda wasu 'yan kasuwa ke yayyafa masa fiya-fiya don su tsira da jarinsu. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015, mu kuma muka ci gaba da cin abin da suka ƙi. Alhali akwai buhun nan mai ruɓi uku da masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ɓullo da shi tare da masu bincike na Kamaru da Nijar, aka fara yaɗa shi a 2007: leda biyu masu kauri a cikin buhu, a matse iska a ɗaure kowacce daban, ƙwarin su mutu don rashin numfashi, ba ko ɗigon magani. Gwamnatin da ke rabon taki da kakar zaɓe, da za ta haɗa kowane buhun taki da irin wannan buhu biyu, da ta ceci abinci fiye da yadda taron bita ɗari zai ceta. Muna da cibiyar binciken adana amfanin gona a Ilori, da reshe a Kano, amma tsakanin abin da ta sani da rumbun manomi akwai tafiya mai nisa, don malaman gona sun zama sai labari.

Kakanninmu da ke zuba gero da dawa a rumbu da damminsu ba a sussuke ba sun san abin da suke yi, kuma duk ɗalibin allo ya san shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya bai wa mutanen Masar, cewa abin da suka girbe su bar shi a zangarniyarsa. Abin da nake so a lura da shi a ƙissar shi ne, da aka tashi aiwatarwa, taskokin ƙasa ya nemi a damƙa masa. Adana abincin al'umma aikin mai mulki ne tun asali.

To yaya masu mulkinmu suke da nasu taskokin? A Oktoban 2020, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a jihohi da dama, daga Legas har Jos, suka tarar da tulin kayan tallafin korona, watanni bayan an ɗage kulle. Hukumomi sun ba da uzurinsu, wasu suka ce ana jiran umarnin rabo ne, wasu suka ce tanadi ne don annoba ta biyu. Ba na goyon bayan wawaso, an yi asarar rayuka da dukiyar bayin Allah a ciki. Amma hoton buhunan nan a jibge, ga mutane da yunwa a waje, ya zauna a zukatan jama'a, kuma duk jami'in da zai yi wa'azin tattali sai ya san da shi ake sauraronsa. A Yulin 2023 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan abinci. An yi maganar taki da iri da noman rani da fitar da hatsi daga rumbun gwamnati, duk sun dace. Ni dai na so a ce an ba wa ceton abin da aka riga aka noma irin wannan muhimmanci, domin tumatirin da ya ruɓe a hanya ya riga ya sha taki da ruwa da fetur da gumin mutum.

Kada a ce na wanke mutanen gari tas. Akwai inda doka irin ta Faransa za ta yi aiki a wurinmu, kuma na gani da idona. An gayyace ni wata dina a wani babban zauren taro, na makara wajen fita ina jiran wanda zai rage mini hanya. Sai na ga ma'aikatan wurin sun jawo manyan robobi biyu suna bin tebur-tebur. Soyayyar shinkafa da ko cokali ba a sa mata ba, cinyoyin kaji da aka ɗan gatsa aka ajiye, farfesu, kek, duk a haɗe da tishu da ragowar lemo. A bayan labule kuma ga kuloli cike da abincin da ko buɗewa ba a yi ba. Na tambayi wani dattijo a cikinsu ina za a kai na kulolin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, abin da muka iya ɗauka mu kai wa yara, saura kuwa sai bola. Oga ya hana a bayar a ƙofa, wai kada wani ya ci ya yi ciwon ciki a ce daga nan ne." A bakin get kuwa, da na fito, yara sun fi ashirin a tsaye da robobinsu.

Tsoron ogan nan ba shirme ba ne, kuma a nan ne majalisar jiha za ta yi amfani. Amurka tun 1996 take da dokar da ke kare wanda ya ba da abinci da kyakkyawar niyya daga shari'a. Mu ma za a iya cewa duk zauren biki da otal da babban gidan abinci, kafin a sabunta masa lasisi, sai ya nuna makarantar allo ko gidan marayu ko kwamitin masu jinya da ya yi yarjejeniya da su, a ware abincin da ba a taɓa ba tun kafin a fara kwashe faranti, a kai shi da zafinsa a cikin mazubi mai mutunci. Ba ragowar da aka jagwalgwala nake nufi ba, almajiri ba bola ba ne, kuma ba na so wannan ya zama hujjar barin yara suna yawo da roba har abada. A fara da liyafar gidan gwamnati da tarukan ma'aikatu da cibiyoyin ciyarwar azumi, inda kuɗin jama'a ne ake dafawa.

Alhazanmu sun san misalin da ya fi kusa da mu. A da, naman hadaya a Mina yawansa ya fi ƙarfin masu ci, akan binne mai yawa. Ba a tsaya ga yi wa alhazai wa'azi ba. Tun 1983 hukumomin Saudiyya suka damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi aikin, aka gina mayanka da ɗakunan sanyi, alhaji ya biya kuɗi a yanka a madadinsa, a daskarar da naman a rarraba wa mabuƙata a can da wasu ƙasashe. Imanin alhazan bai ƙaru ko ya ragu ba a 1983, firji ne aka kawo.

Da na koma wurin Kawu bara, na tarar ya rage tumatir ya ƙara alkama da masara, ya ce su ko ba komai suna jiran mutum. Ɗan tumatirin da ya yi kuma, da farashi ya karye, bai ko nemi mota ba. Ya tara matan gidan da yara da wuƙaƙe, aka yi ta tsagawa ana shanyawa a kan fallen buhuna a gefen kwalta, ƙura na sauka, awaki na kai hari, wani jikansa na tsaye da tsumagiya. Na ce, "Kawu, ai akwai wata rumfar shanya ta leda da ake yi, ba ƙura ba ƙuda." Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Na ji labarinta a rediyo. In ka ga mai rabawa, ka ce masa ina nan."